Ma'anar kalmar "enduring": ɗorewa ce, ko juriya, ko haƙuri?

Kalmar "enduring" da uwarta "endure" sun cika jawaban 'yan siyasa, kuma sau da yawa mai fassara a rediyo sai ya dunƙule su duka ya ce "haƙuri". Wannan dunƙulewar ce ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Tushenta Latin ne: "durus", wato abu mai tauri. Daga nan aka sami "indurare", taurara abu, ta bi ta tsohon Faransanci ta shiga Turanci. Ita da "durable" da "duration" tsatsonsu ɗaya. Abu mai tauri yana daɗewa bai lalace ba, kuma yana shan duka bai karye ba, shi ya sa kalmar ta yi reshe biyu.

A duba abin da ke bin ta. In an ambaci abin da ake sha a bayan "endure", kamar ciwo ko yunwa, to juriya ce ko dauriya. In tana siffanta abu, kamar "enduring peace", ɗorewa ake nufi: zaman lafiya mai ɗorewa.

Inda reshen biyu suka haɗu shi ne sunan da Amurka ta raɗa wa yaƙinta na Afghanistan, wanda ta fara ranar 7 ga Oktoba, 2001: "Operation Enduring Freedom". Da farko "Infinite Justice" aka sa masa, sai aka sauya saboda ƙorafin cewa adalci marar iyaka na Allah ne kaɗai. Masu sunan suna nufin 'yanci mai ɗorewa, amma nahawu bai hana a karanta shi da ma'anar "jure wa 'yanci" ba, kamar 'yancin wata azaba ce da ake dauriya a kai. An rufe shirin a ƙarshen 2014, Taliban kuma ta koma Kabul a Agustan 2021. Mai karatu ya zaɓi fassarar da ta fi dacewa.

Haƙuri dabam yake: akwai danne zuciya da kame baki a cikinsa, kuma Turancinsa "patience" ne. Mai "endure" kuwa yana iya jurewa yana ihu yana ƙorafi. Saboda haka in shugaba ya ce jama'a su "endure", mai fassara ya ce "su yi haƙuri", ya ƙara masa umarnin yin shiru wanda bai furta ba. Abin da ya faɗa kawai shi ne "su daure".