Waldar bututun jan ƙarfe a na'urar sanyaya

Waldar bututun jan ƙarfe hanya ce ta haɗa bututun da gas ɗin sanyi ke bi a cikin firij ko na'urar sanyaya ɗaki. Ana narkar da wata sanda ta cike tsakanin bututu biyu, su kuwa bututun ba sa narkewa. Sandar tana narkewa sama da digiri 450 a ma'aunin salshiyas, abin da ya bambanta wannan aiki da liƙin dalma ke nan, shi kuma jan ƙarfe sai ya kai digiri 1,085 yake narkewa.

Sandar da aka fi amfani da ita haɗin jan ƙarfe ce da fosforas, wani lokaci da azurfa kashi 2, 5 ko 15 cikin ɗari. Fosforas yana cinye tsatsa da kansa, don haka haɗa jan ƙarfe da jan ƙarfe ba ya buƙatar hodar walda da ake shafawa don kawar da tsatsa. Idan ɗaya ɓangaren tagulla ce, wato gaurayen ƙarfen nan mai ruwan ɗorawa, sai an shafa hoda. Idan baƙin ƙarfe ne, sandar fosforas ba ta dace ba sam, domin haɗin yakan yi gautsi ya tsage, sai a nemi mai azurfa kamar kashi 45.

Kafin a kunna wuta ana goge bakin bututun ya yi ƙyalli, a faɗaɗa bakin ɗaya, a cusa ɗayan ya zauna daram. Gwani bututun yake gasawa har ya yi ja kamar garwashi, sannan ya dangana sandar. Zafin bututun ne zai narkar da ita, ta tsotsu cikin ƙanƙanin ratar ta zagaye. Wanda ya narkar da sandar da harshen wuta zai ga tudu mai kyau a waje, ciki kuwa fanko, ba a jima gas ya fara zurara. Bawul ɗin da ke kusa ana naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma don kada zafi ya lalata shi.

Matakin da aka fi yi wa sakaci, kuma bai kamata ba, shi ne zura iskar naitirojin a hankali cikin bututun yayin walda. In babu ita, zafi da iska suna haifar da baƙin ɓawo a ciki. Ɓawon nan yakan ɓare ya bi man da ke yawo cikin na'urar, musamman man na'urori masu gas ɗin sanyi nau'in R410A, ya je ya toshe siririn bututun nan mai kama da tsinke, ko ya lalata kwampiresa.

Kwance walda ya fi haɗari. Dole a fara kwashe gas ɗin gaba ɗaya. Gas nau'in R22 idan ya haɗu da wuta yana fitar da hayaƙi mai guba, R600a da R290 kuwa kamawa suke yi, ragowar mai ma yakan tashi da wuta a fuskar mai aiki. Shi ya sa yanka bututu ya fi gasa shi, musamman wajen cire matatar danshi, domin zafi yana mayar da danshin da ta tsotse cikin layi. Inda ya zama tilas, ana gasa haɗin ta kowane gefe, a zare da filaya ba tare da fizga ba.

Bayan an gama ana ɗura naitirojin, a shafa kumfar sabulu don neman yoyo. Ba a taɓa wannan gwaji da oksijin, domin haɗuwarsa da mai tana kawo fashewa. Daga nan sai a zuƙe iska da danshi da famfo har zuwa maikiron 500 a ma'aunin ragowar iskar da ke ciki, sannan a ɗura gas.