Tambayoyin bazara da na gaji da amsawa

Duk shekara, da zarar zafi ya sauka mangwaro ya fara nuna, wayata ba ta hutawa. Masu kiran kuma kusan iri ɗaya ne: ɗan birnin da ya gaji gonar mahaifinsa, ma'aikacin da ya yi ritaya ya sayi fili a bayan gari, hajiyar da ta kafa lambu ta ɗauki mai gadi. Laifina kawai na taɓa yin aikin malamin gona a ƙauyukan arewacin Kano, yanzu kuma ina duƙe a tawa. To ga amsoshin na rubuta. Wanda ya sake kira na da ɗaya daga cikinsu, nan zan turo shi.

Yaushe ake fara sharar gona?

Tun jiya. Maris zuwa Afrilu ake tuge tushiya, a yi sassabe, a kai taki. In ka bari sai ka ga hadari, 'yan ƙwadago sun yi tsada, mai amalanke ba zai ɗauki wayarka ba.

In tara sharar in cinna mata wuta?

Ƙaya da abin da ya kamu da cuta, ƙona su a tsibi ɗaya, da sassafe kafin iska ta tashi, kana tsaye a wurin. Ragowar kara da ganye kuwa bar wa ƙasa abinta. Gara za ta ci, ta huda ƙasa, ruwa ya sami hanyar shiga. Bi gona da wuta tun daga wannan iyaka zuwa waccan ba tsafta ba ce. Kuma ranar da wutar ta tsallaka ta cinye harawar maƙwabcinka, kada ka kira ni, kira dagaci.

Wane taki zan fara kaiwa?

Na turke, wanda ya ruɓe. A zuba shi tsibi-tsibi, a baza dab da ruwa. Na zamani ba yanzu ba.

Mai gadina ya ce macizai sun yi yawa. Me zan zuba?

Ba abin da za ka zuba. Ba kananzir, ba baƙin mai, ba tafarnuwa. Maciji abinci ya biyo da inuwa: ɓera, kwaɗo, tarin kara, tulin bulo, ƙarƙashin rumbu. Ka raba gidan da waɗannan, ya rabu da kai.

Wannan ne kuma lokacin da ya fi sara, daga shara zuwa shuka, domin hannu da ƙafa na shiga inda ya kwanta. Wanda na fi tsoro kububuwa ce. Ga ta 'yar ƙarama, launinta launin ƙasa, ba ta gudu. Dafinta hana jini daskarewa yake yi, shi ya sa mutum zai ce ai da sauƙi, a ba shi jiƙo ya kwanta, sai bayan kwana ɗaya ko biyu a ga dasashi na zubar da jini. In ta sari mutum, kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a tsaya neman dutsen maciji. A cire zobe ko abin hannu kafin kumburi, a hana shi tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar kashe dafi. Ba banza aka kafa asibiti guda a Kaltungo ta jihar Gombe don saran maciji ba. Kumurci kuma in ya tofa a ido, ruwa mai yawa za a yi ta zubawa, sannan asibiti.

Ka saya wa mai gadin takalmin roba dogo da tocila mai kyau. Kai kana barci a ƙarƙashin fanka, shi yana zagaye cikin duhu da silifa, ba ka kyauta ba.

Kunama fa?

Kakkaɓe takalmi da tabarma kafin ka yi amfani da su. Babba zai sha azaba ya warke. Ƙaramin yaro kuwa, musamman in ya kama gumi da amai, asibiti nan take.

An yi ruwa jiya da daddare, in shuka?

Ga tambayar da ke hana ni barci, domin duk amsar da na bayar akwai shekarar da za ta ƙaryata ni. Zan faɗi yadda nake yi, amma gonarka ce, irinka ne, kuɗinka ne.

Da farko, ina kake? Mutumin Zariya da ya shuka a tsakiyar Mayu bai yi ganganci ba. Mu nan arewacin Kano, galibi sai Yuni damina ke zama da gindinta. Daura, Maraɗi, Damagaram, wata shekarar har Yuli ya kama ana kallon sama. Manoma na cewa watan bakwai (na lissafinsu na noma, ba Yuli ba) maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Ka lura, alama suka ce, ba su ce ka ɗauki sungumi ba. Ruwan da ya zo wata guda kafin lokacin garinku, komai ƙarfinsa, na wanke ƙura ne.

Na biyu, wane irin ruwa? Kada ka gaya mini abin da ka ji a kan kwano. Kwano maƙaryaci ne, yayyafi ma sai ya mai da shi mamako. Ka je gonar da safe da fartanya ka haƙa a wuri uku ko huɗu, har da tudu. In danshi ya kai tsawon tafin hannunka zuwa wuyan hannu, ka dunƙula ƙasar ta kama, to an yi ruwa. In ka sari ɗan yatsa biyu ka tarar da busasshiyar ƙasa fara sol, koma gida ka sha kunu. Masana yanayin noma na yankin Sahel suna da ma'auninsu: a sami ruwa milimita 20 cikin kwana uku, kuma kada a yi fari na fiye da kwana bakwai a cikin watan da ya biyo baya. Rabin farko kana iya aunawa. Rabi na biyu sai Allah, kuma nan ne duk matsalar take. Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da ranakun da ake sa ran saukar ruwa a yankuna da inda ake tsoron fari a farkon damina. Ka nema ka duba, yana da amfani. Amma hasashe ne, ba alkawari ba.

Na uku, me za ka shuka? Gero jarumi ne. In ya tsiro a jigawa yana iya shanye kwana goma, wani lokacin har fiye, ya lanƙwashe kamar ya mutu, ruwa na sauka ya miƙe. Kuma irinsa ba tsada, ɗan kaɗan ya isa gona. Shi ya sa dattawa ke yin binne, su shuka shi a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa. Binne na da ribarsa: ba ka rububin 'yan ƙwadago, geronka ya riga ciyawa tashi. Yana kuma da hatsarinsa: yayyafin da ya isa ya tayar da ƙwaya amma bai isa ya raya ta ba, shi ke nan ta ruɓe a rami. Ga gafiya da zabi da kurciya suna tonewa. Dawa tana biye da gero a juriya. Masara kuwa 'yar gata ce, ba ta san haƙuri ba. Gyaɗa iri ne mai tsada da ba ka son saya sau biyu. Wake ma bar shi tukuna, sai damina ta yi nisa.

Ni kaina na sha. Wata shekara aka tafka ruwa a cikin Mayu har kwalbatin bakin gonata ta cika ta tumbatsa. Dattijon da muke iyaka ɗaya ya same ni ina sara, ya tsaya ya dafa sandarsa ya ce, "Malam, wannan ruwan baƙo ne, bai kawo kayansa ba." Na yi dariya, ni da takardar shaida. Na zuba masara gona guda. Ta fito kore shar, layi-layi, har na kira mutane su gani. Sai sama ta yi tsit kusan mako uku. Kullum da hantsi ina zuwa in tarar ganyen ya nannaɗe kamar tsinken sakace, ƙasar tana ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Ƙarshe garma na sa aka kife ta. Dattijon bai taɓa tayar da maganar ba, sannu kawai ya yi mini, wadda ta fi zagi ciwo.

To abin da nake yi yanzu: ruwan farko mai kyau, in ya zo kusa da lokacinmu, ina shuka gero a rabin jigawar, in riƙe rabin irin a gida. Dawa sai ruwa na biyu. Masara da gyaɗa sai na ga ruwa ya jera sau biyu ko uku cikin kwana goma, ƙasa ta yi sanyi. In damina ta makara, ina komawa iri mai saurin nuna, kamar geron SOSAT ko masarar SAMMAZ mai gajeren zango ta cibiyar binciken noma ta Samaru. Amma kada ka ɗauki jira a matsayin wayo kullum. Wanda ya yi ta jira har Yuli ya raba, ruwa na iya ɗauke masa a ƙarshen Satumba hatsi bai cika ido ba. Akwai shekarar da masu gaggawa suka cika rumbu, mu masu lissafi muka sayi hatsi a kasuwa. Ka tambayi tsofaffin da ke noma kusa da kai. Sun fi ni sanin ƙasarka, sun fi wayarka ma.

Shamuwa ta zo, ba shi ke nan ba?

Shamuwa ta ce damina na tafe, ba ta ce gobe ba. Daga kudancin Afirka take tasowa tana bin ruwa, ta zo ta yi sheƙa a tsamiya ko kukar tsakar gari. Wani lokaci tana riga ruwan shuka da makonni. Ka hana yara jifanta, fara da tsutsa take cinye maka.

Irin bara zai yi?

Gwada. Ƙirga ƙwaya 100, shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhun algarara, ajiye a inuwa kana yayyafa ruwa. Bayan mako ka ƙirga waɗanda suka tsiro. In sun haura 80, bismillah. In rabi ne, kai wa kaji.

Itatuwan nan na cikin gona suna tare rana, in sare?

Wane itace? In gawo ne, ajiye gatarin nan. Gawo da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana, ga taki a gindinsa, ga 'ya'yansa abincin awaki a tsakiyar bazara lokacin da harawa ta zama zinariya. Je ka duba hatsin da ke ƙarƙashin gawo da kaka ka gwada da na fili. Su sabara da kalgo da ke tohowa daga kututture kuma, maimakon ka tumɓuke, zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka sassabe sauran. Mutanen Maraɗi sun kama wannan tun shekarun 1980, suna kiransa sassabin zamani, kuma da shi aka mai da miliyoyin itatuwa gonakin kudancin Nijar ba tare da an dasa ba. Mu nan muna ta sara muna kukan hamada.

Ɗakin gonar yana yoyo bara.

Wannan ba tambaya ba ce. Hau ka gyara. In soro ne, a yi yaɓe, a buɗe indararo, a cire sheƙar tsuntsu da ta toshe shi. In jinka ce, a sake baibaya. In kwano ne, a bi ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, domin iskar da ke gaban ruwan farko ita ke yaye rufi, ba ruwan ba. Rumbu ma a duba ƙafafunsa ko gara ta hau.

Rijiya ta ja baya, in sa a yashe?

Yanzu ne lokacinsa, ruwa na ƙasa. Amma a nemo masu sana'ar, ba yaron gida ba. Kafin kowa ya sauka a zura fitila mai wuta da igiya. In ta mutu a ƙasa, babu mai shiga. Mai sauka da igiya a ƙugu, mutum biyu a baki. Kuma kada a kuskura a saukar da injin fetur cikin rijiya don zuƙe ruwa. Hayaƙinsa kisa yake, ya kashe na ciki, ya kashe wanda ya bi shi ceto.

Awakina sun rame, ko ciwo ne?

Yunwa ce, Alhaji. Kowa dabbarsa ta rame a bazara, kwantar da hankalinka. Dusa, harawa, ɗan kanwa, ruwa safe da yamma, inuwa. Abin da za ka kiyaye yana gaba: in sabuwar ciyawa ta fito kada a sake su da yunwa su cika ciki, kumburi da zawo ke biyo baya. Gyauron dawa kuwa, wanda ya toho ƙarami, guba ne, yana kashe saniya cikin sa'o'i. Kuma ranar da mai unguwa ya sa aka yi shelar ɗaure dabbobi, ɗaure naka. Ba ruwan gonar mutane da cewa kai baƙo ne.

Ƙarfe nawa ya kamata ma'aikata su tashi?

A Afrilu zafi na haura digiri 40. A fara da asuba, a tashi kafin sha ɗaya, a koma bayan la'asar. Randa a gindin bishiya, cike. In hadari ya taso da tsawa kuma, a bar gindin bishiyar, a ajiye fartanya a nufi ɗaki.

Zan iya barin komai a hannun mai gadi in riƙa turo kuɗi?

Za ka iya. Da kaka kada ka kira ni.