Kwamfuta biyu, intanet ɗaya: ina matsalar take?

Intanet ya ɗauke a gida. Ta ina zan fara?

Ka fara da duba ɗaya kwamfutar. Idan duka biyun sun ƙi, laifin yana wajen rauta (na'urar da ke raba intanet a cikin gida), ko modem (na'urar da ke karɓo shi daga layin kamfani), ko kamfanin da ke ba ka sabis. Idan kuwa ɗaya tana aiki lafiya, kada ka wahalar da kanka da kiran kamfani, matsalar tana jikin wadda ta ƙi ne ko a hanyar da ta haɗa ta da rauta.

In duka ne suka ƙi, cire modem da rauta daga wuta, ka jira kamar daƙiƙa 30. Kunna modem tukuna, sai fitilunsa sun daina ƙiftawa sannan ka kunna rauta. Amma ka guji ɗan maɓallin nan da ke cikin rami a bayan rauta, wanda sai da tsinke ake danna shi. Yana goge duk saitin da aka yi, har sunan Wi-Fi da kalmar sirri.

Kwamfutar tana nuna ta haɗu da Wi-Fi, amma babu shafin da ke buɗewa. Me ya sa?

Haɗuwa da rauta daban, isa intanet daban. Kowace na'ura tana buƙatar adireshi, kuma rauta ce ke raba shi ta tsarin da ake kira DHCP. A Windows, buɗe Command Prompt, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta ipconfig. Yawancin rautocin gida suna ba da adireshin da ya fara da 192.168. Idan ka ga 169.254 a farko, to rauta ba ta ba ta komai ba, kwamfutar ce ta laƙaba wa kanta lamba da ta gaji da jira. Rubuta ipconfig /release, sannan ipconfig /renew.

Idan adireshin daidai yake, gwada rubuta ping 8.8.8.8 a Command Prompt ɗin. In amsa ta dawo amma shafuka sun ƙi, to intanet na nan, abin da ya lalace shi ne DNS, wato tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa lamba. Sai ka sa 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare a saitin DNS. Ka duba agogon kwamfutar ma, domin kwanan wata in ya kauce, shafuka masu tsaro ba sa yarda su buɗe.

Da zarar na kunna ta biyu, sai ta farko ta katse. Wannan fa?

Galibi adireshi ɗaya suke rigima a kansa, saboda wani ya taɓa rubuta shi da hannu. Mayar da duka biyun su riƙa karɓa kai tsaye daga rauta. Haka kuma idan ka jona su ga modem ba tare da rauta a tsakani ba, kamfanoni da yawa adireshi guda suke bayarwa, kwamfutar da ta riga jonawa ita ke ɗauke shi.

Ba ni da rauta, ɗaya ce ke ba ɗaya intanet ta kebul.

Yana yiwuwa, amma dole ta farkon ta kasance a kunne, kuma kada ta yi barci. Windows yakan ba ta 192.168.137.1, saboda haka adireshin ta biyu ya kamata ya fara da 192.168.137. A ganina wannan dabara ta wucin gadi ce. Duk wanda zai daɗe a haka, gara ya nemi rauta ya huta.

Ɗaya tana gudu, ɗaya tana jan ƙafa.

Ka duba ko mai gudun tana sauke sabuntawa a ɓoye, ta cinye layin. Sai kuma nisa: zangon 5 GHz ya fi sauri amma bango yana raunana shi, na 2.4 GHz ya fi kai wa nesa. Kwamfutar da ba a ɗagawa daga tebur, ka ja mata kebul na Ethernet, wanda yake kai wa mita 100. Idan ta gyaru da kebul, ka san Wi-Fi ne ke da laifi.