Kilim a zafin Damagaram: tambayoyin da aka fi yi

Daga ina sanyin yake fitowa?

Kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, ba ta ƙera sanyi, kwashe zafin ɗaki take yi ta kai waje. Gas ne ke zagayawa cikin bututun jan ƙarfe. A akwatin da ke ɗaka yana shanye zafin iska, sai kwamfuresa, wato injin da ke zagaya da gas ɗin, ya matse shi ya tura akwatin waje, fanka ta hure zafin. Kai hannu gaban akwatin waje ka ji hucin: zafin ɗakinka ne ke fita.

Tana ta ruri amma ba sanyi. Gas ne ya ƙare?

Nan ake yawan asarar kuɗi, abin kuwa yana damuna. Gas ba fetur ba ne, aiki ba ya cinye shi. In ya ragu, to akwai inda yake yoyo, sai mai gyara ya gano wurin ya liƙe kafin ya ƙara wani, kuma irin wanda aka rubuta a jikinta, R22 ko R410A ko R32.

Amma fara duba ƙura tukuna. Ɗaga murfin akwatin ɗaka bayan hunturu, za ka tarar da ragar tace iska ta yi ja wur, ƙura ta kwanta a kanta kamar bargo. Iska ba ta wucewa, bututu ya kama ƙanƙara, kwamfuresa na ta wahala, kuɗin wuta na hawa. A Afrilu da Mayu, da zafin Damagaram ke haura digiri 40, na'urar da ta toshe haka tana iya ƙonewa.

Me zan iya yi da kaina?

Kashe wuta, zare ragar, wanke ta, shanya a inuwa. Ruwa kaɗan ya isa, ko rabin bokiti. Lokacin ƙura a yi haka duk sati 2. Akwatin waje a samar masa inuwa da sarari, kada a jingina masa tabarma ko buhuna. Wankin ciki sosai kuwa na mai gyara ne, kafin bazara ta kama.

In wuta ta ɗauke ta dawo fa?

Dakata minti 3 zuwa 5 kafin ka kunna, gas ya daidaita. Wuta mai rauni ma tana kashe kwamfuresa.

In na sa kilim a digiri 16 za ta fi saurin sanyi?

A'a, daɗewa kawai za ta yi tana jan wuta. Sa 25, ka rufe ƙofa da taga, ka kunna fanka.