Godiyar Yau da Kullum

Godiyar yau da kullum ɗabi'a ce da mutum ke ɗora wa kansa da gangan, ta ware ɗan lokaci a kowace rana ya tuna ni'imomin da yake ciki, ya ambace su da baki, ko a rubuce, ko a zuci. Ta sha bamban da godiyar da ake yi wa wanda ya ba ka kyauta, domin abubuwan da take dubawa galibi ba sababbi ba ne: ruwan sha, barcin da ya zo ba wahala, rufin da ba ya yoyo, inuwar bishiya, fitowar rana. Addinai da masana falsafa sun daɗe suna koyar da ita. Masana halayyar ɗan'adam kuwa sai a farkon ƙarni na 21 suka duƙufa wajen gwada ta.

Matsalar sabo

Dalilin da ya sa godiya ke buƙatar horo shi ne sabo. An halicci hankalin mutum yana zabura idan abu ya canza, yana yin biris da abin da ke nan kullum. Zuciya na bugawa kimanin sau 100,000 a rana ba tare da mai ita ya waiwaye ta ba, amma haƙori ɗaya ya fara zogi sai duk tunani ya koma kansa. Ranar da ciwon ya lafa mutum zai ji kamar an sake haihuwarsa. Bayan kwana biyu ya manta yana da haƙori.

A 1971 masana biyu, Philip Brickman da Donald Campbell, suka bayyana cewa mutum kan koma matsayinsa na farin ciki na da, komai alherin da ya same shi. A 1978 Brickman da abokan aikinsa suka tambayi mutum 22 da suka ci maƙudan kuɗi a caca a Amurka. Farin cikinsu bai ɗara na sauran mutane da wani abin kirki ba, kuma daɗin da suke ji na ƙananan abubuwa, irin su hira da aboki ko karin kumallo, ya yi ƙasa da na waɗanda ba su ci komai ba. Adadin mutanen kaɗan ne, don haka bai kamata a ɗora wa binciken kayan da ya fi ƙarfinsa ba, amma ya nuna inda gizo ke saƙa.

A addinai da tsofaffin koyarwa

A Musulunci shukura ginshiƙi ce. Aya ta 7 a suratu Ibrahim ta yi alkawarin ƙari ga wanda ya gode, suratun Nahli kuma ta ce ni'imomin Allah ba sa ƙidayuwa. Suratur Rahman tana jero rana da wata da bishiyoyi da tekuna, tana maimaita tambaya ɗaya har sau 31: da wace ni'ima ta Ubangijinku kuke ƙaryatawa? Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya taƙaita ma'aunin wadata a abu uku: wanda ya wayi gari cikin aminci, da lafiya a jikinsa, yana da abincin yininsa, kamar an tattara masa duniya ne. Wani hadisin da ke cikin Sahihu Muslim ya umarci mutum ya dubi wanda ke ƙasa da shi, kada ya dubi na sama, don kada ya raina abin da aka ba shi.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware wa haƙuri da godiya littafi guda a cikin Ihya'u Ulumid Din. Ya kasa godiya gida uku: sanin ni'ima da wanda ya bayar da ita, farin cikin da sanin ke haifarwa, sai aiki. Kashi na uku ne ya fi nauyi, domin a wurinsa godiyar ido, alal misali, ta haɗa da rufa asirin abin da ya gani na aibin ɗan'uwa. Hamdala a baki ba tare da wannan ba, rabin aiki ce.

Yahudawa masu kiyaye addini suna buɗe ido da gajeriyar addu'ar godiya tun kafin su sauko daga gado, kuma Talmud, babban littafin koyarwar malamansu, ya koyar da yin addu'ar yabon Allah sau 100 a rana. Akwai ta jin tsawa, akwai ta ganin bakan gizo, akwai ta ganin teku. A Kiristanci, wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Tasalonikawa ta ce a yi godiya a kowane hali. Faransis na Assisi, a Italiya, ya tsara waƙar yabo wajen 1224 inda ya kira rana ɗan'uwa, ruwa kuma 'yar'uwa, alhali a lokacin ciwon ido ya kusa makantar da shi.

Sarkin Rum Marcus Aurelius ya buɗe littafinsa na tunani da jerin mutanen da yake jin suna binsa bashin alheri, daga kakansa zuwa malamansa, kowa da abin da ya koya daga gare shi. A Japan, Yoshimoto Ishin ya tsara hanyar da ake kira Naikan a ƙarni na 20, mai tambayoyi uku game da kowane mutum a rayuwarka: me na karɓa daga gare shi, me na ba shi, wace wahala na jawo masa? Tambaya ta huɗu, wato wace wahala shi ya jawo mini, an bar ta da gangan, tunda wannan kowa ya iya lissafinta ba sai an koya masa ba.

Abin da bincike ya nuna

Gwajin da aka fi ambata shi ne na Robert Emmons na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis da Michael McCullough, wanda a lokacin yake Jami'ar Miami, wanda aka buga a 2003. Sun raba ɗalibai kashi uku na tsawon mako 10. Kowane mako kashi na farko zai rubuta abu biyar da ya gode a kansu, na biyu abu biyar da suka ɓata masa rai, na uku kuma abu biyar da suka faru kawai. Masu lissafin godiya sun fi sauran kyautata zato ga makon gobe, sun rage kukan ciwon jiki, sun kuma fi motsa jiki. Cikin abin da suka rubuta har da farkawa daga barci da safe. A wani ɓangaren gwajin, masu ciwon jijiyoyi da tsoka da suka yi lissafin kullum na kwana 21 sun ba da rahoton samun barci mai kyau.

A 2005 Martin Seligman da abokansa suka sa mutane su rubuta abu uku masu kyau da suka faru kowace rana, tare da dalilin faruwarsu, na mako ɗaya. An ci gaba da ganin tasirin har bayan wata shida, musamman ga waɗanda suka ɗore da yi don kansu. Rubuta wasiƙar godiya da kai ta hannu da hannu ya fi ɗaga rai nan take, sai dai bai daɗe ba. Sonja Lyubomirsky kuma ta gano wani abu da ke ɗan karo da sunan ɗabi'ar: waɗanda suka yi lissafin sau ɗaya a mako sun amfana, waɗanda suka yi sau uku a mako ba su amfana ba. Bayanin da aka fi karkata gare shi shi ne, sabon da ake gudu yana iya cinye maganin shi kansa. Mai rubuta "lafiya, iyali, abinci" kowane dare zai wayi gari hannu na rubutu, zuciya na wani wuri. Shi ya sa ake ba da shawarar a fayyace abu dalla-dalla: wane ruwa, a wane lokaci, bayan wace ƙishirwa. Wata dabarar da aka gwada a 2008 ita ce mutum ya ƙaddara cewa alherin bai taɓa samunsa ba, ya ga yadda rayuwa za ta kasance, kuma ta fi tuna alherin kawai tasiri.

Halittu da sarari

Kallon halittu na da nasa binciken. A 1984 Roger Ulrich ya duba takardun marasa lafiya da aka yi wa tiyatar cire matsarmama a wani asibiti a jihar Pennsylvania. Waɗanda tagarsu ke kallon bishiyoyi sun riga masu kallon bango fita da kusan kwana ɗaya, sun kuma sha maganin kashe zafi mai ƙarfi ƙasa da su. A 2019 wani nazari kan mutum kusan 20,000 a Ingila ya nuna cewa masu shafe aƙalla minti 120 a mako a cikin lambuna, daji ko bakin ruwa sun fi cewa suna cikin ƙoshin lafiya. Wannan alaƙa ce kawai. Mai lafiya ma ai shi ya fi iya fita.

Halittu suna da wani fifiko a kan kayan ɗaki: ba sa tsayawa wuri ɗaya. Bishiyar da ke ƙofar gida tana zubar da ganye, ta yi toho, ta yi fure, tsuntsayen da ke sauka a kanta su sauya da lokaci. Mai duba ta kullum yana da sabon abin gani, don haka sabo bai cika kama shi da wuri ba.

Suka da iyaka

Da aka haɗa gwaje-gwaje da yawa wuri ɗaya, sakamakon ya yi sanyi. David Cregg da Jennifer Cheavens na Jami'ar Jihar Ohio sun tattara bincike 27, suka ga tasirin atisayen godiya kan ciwon damuwa da fargaba ƙarami ne, suka ce kada a maye gurbin magani da ganin likita da shi. Yawancin gwaje-gwajen ma a kan ɗalibai ko masu sa kai aka yi su, a ƙasashe masu arziki, kuma ma'aunin shi ne abin da mutum ya faɗa da bakinsa.

Akwai kuma sukar da ta shafi adalci. "Ka gode wa Allah" magana ce ta gaskiya, amma ana iya juya ta ta zama abin toshe bakin ma'aikacin da aka riƙe wa albashi, ko matar da ake cuta a gidan aure. Godiyar da mutum ya zaɓa wa kansa daban, wadda mai ƙarfi ya ɗora wa na ƙasa da shi daban. Kuma abin da wani ke kira ƙaramar ni'ima, wani bai same ta ba: alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022 sun nuna mutum kusan biliyan 2.2 ba su da tsaftataccen ruwan sha da za su dogara da shi a inda suke zaune.