Shan mai da kuɗin riƙon matsakaiciyar mota mai tobo

Matsakaiciyar mota mai tobo ita ce mota mai ƙofa huɗu da kujerar mutum biyar, wadda girmanta ya kai na Honda Accord ko Hyundai Sonata, amma aka sanya mata ƙaramin inji mai silinda huɗu, galibi mai girman lita 1.5 zuwa 2.0, tare da na'urar da ke cusa masa ƙarin iska. Wannan na'ura ce kanikawa ke kira tobo. Kamfanoni na tallata irin wannan mota da cewa tana da ƙarfin babban inji da shan man ƙarami, batun da ya ƙara jan hankalin masu mota a Legas tun bayan cire tallafin man fetur a 2023.

Asali da tarihi

Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi ne ya yi rajistar wannan ƙirƙira a 1905, sai dai an shafe shekaru da dama ana amfani da ita a jiragen sama da jiragen ruwa da manyan injinan dizal kafin ta iso ƙananan motoci. A 1962 kamfanin General Motors na Amurka ya fitar da Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair Monza masu tobo, amma Jetfire ba ta daɗe a kasuwa ba saboda yawan matsala. Turawa suka ɗora daga nan: BMW 2002 Turbo ta fito a 1973, Saab 99 Turbo ta biyo baya wajen ƙarshen shekarun 1970, sannan Mercedes-Benz ta kawo 300SD mai shan dizal a 1978. A wannan zamani galibi ana ɗaukar tobo a matsayin kayan masu son gudu, ba na masu tattalin mai ba.

Lamarin ya sauya ne bayan da dokokin rage hayaƙi da shan mai suka tsananta a Turai da Amurka. Kamfanoni suka koma rage girman inji suna cike giɓin da tobo, kamar yadda Volkswagen ya yi da injinan TSI, Ford kuma da EcoBoost tun daga 2009. Hyundai Sonata ta 2011 ta zo da inji mai lita 2.0 mai tobo a madadin mai silinda shida, Honda ma ta yi hakan a Accord ta 2018. Toyota kuwa ta bar Camry ba tare da tobo ba a kasuwar Amurka, wadda daga can ne mafi yawan motocin tokumbo, wato na hannu, ke shigowa tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can a Legas.

Yadda yake aiki

Hayaƙin da inji ke fitarwa ne ke juya wata ƙaramar farfela, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke matse iska tana tura ta cikin silinda. Farfelar na iya juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya cikin tsananin zafi, kuma man inji ne kaɗai ke hana sandar da ke tsakiyarta cinyewa.

Shan mai

Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta wa Accord ta 2018 mai lita 1.5 mil 30 a galan a cikin gari da mil 38 a babbar hanya, wanda idan an haɗa ya kama kusan kilomita 14 a kowace lita. Camry ta wannan shekarar mai lita 2.5 marar tobo ta samu kusan wannan adadi, abin da ke nuna cewa ratar ba ta kai yadda ake zato ba. Tun a 2013 mujallar Consumer Reports ta bayar da rahoton cewa da yawa daga cikin ƙananan injina masu tobo ba su cika alkawarin da aka yi a kansu ba. Kamfanoni sun musanta. Dalilin da masana ke bayarwa shi ne, idan direba ya taka totur sosai, kwamfutar motar kan ƙara zuba mai domin sanyaya silinda, ribar da ake nema sai ta zube.

A Legas akwai abin da waɗannan gwaje-gwaje ba su lissafa ba, wato cunkoso. Motar da ta tsaya a gadar Third Mainland ko a hanyar Oshodi zuwa Apapa, inji na aiki da na'urar sanyaya mota a kunne, tana iya ƙona kusan lita ɗaya a awa ba ta matsa ko'ina ba. Misali, ɗan kasuwar da ke yin kilomita 50 a rana tsakanin Agege da tsibirin Legas na kwana 26 zai buƙaci kimanin lita 93 a wata idan motar na ba shi kilomita 14 a lita, amma idan cunkoso ya mayar da ita kilomita 9, zai sha kusan lita 144. A doguwar tafiya irin ta Legas zuwa Kano, inda ake riƙe gudu ɗaya, a nan ne ƙaramin inji ke nuna amfaninsa na gaskiya.

Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafi, litar fetur ba ta kai naira 200 a gidajen man gwamnati ba. Cikin kwanaki ta doshi naira 500, wajen ƙarshen 2024 kuma ta kai kusan naira 1,000, duk da cewa matatar Dangote da ke Lekki ta fara fitar da fetur a watan Satumbar wannan shekara.

Ingancin mai

Inji mai tobo ya fi saurin jin lalataccen mai, kuma gidajen mai a Najeriya nau'in fetur ɗaya suke sayarwa, ko da littafin motar ya nemi mafi inganci. Gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol da aka shigo da shi a Fabrairun 2022 ya lalata motoci da dama a Legas.

Kuɗin kulawa da gyara

A nan ne mai saye ya kamata ya fi natsuwa, domin abin da aka rage a gidan mai yakan fita a gareji. Tobo na buƙatar man juye mai inganci da ake kira synthetic, irin wanda kamfani ya ƙayyade, kuma a riƙa juye shi kafin lokacin da littafi ya faɗa, saboda zafi da ƙura da tsaye-tsaye sun sa tuƙin Legas ya shiga sahun da kamfanoni ke kira mai tsanani. Jabun man juye na cikin manyan makasan tobo; alamun farko su ne shuɗin hayaƙi daga salansa da ƙara mai kama da fito da raguwar ja. Injinan da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda kan tara baƙin dauɗa a bakin bawul, fulogoginsu kuma sun fi na tsofaffin motoci tsada. Kanikawa na shawartar direba ya bar inji ya ɗan huta kafin kashewa bayan doguwar tafiya, ko da yake akwai saɓani kan ko sababbin motoci na buƙatar hakan.

Ana samun tobo na hannu a kasuwar Ladipo da ke Mushin, amma farashinsa na bin canjin dala, wanda ya tashi sosai bayan da aka bar kasuwa ta ƙayyade darajar naira a Yunin 2023, kuma mai saye ba ya sanin irin wahalar da ya sha a motar da aka ciro shi. Ba kowane bakanike ne ke da na'urar binciken kwamfuta ba, shi ya sa dillalan kasuwar motoci ta Berger suka fi saurin sayar da Camry marar tobo.

Sauran kuɗaɗe

Inshora da sabunta takardu da taya ba su bambanta da na sauran motoci masu wannan girma ba. Mayar da inji mai fesa mai kai tsaye zuwa gas na CNG ya fi na tsohon inji wuya da tsada.