Waiwaye: Tun yaushe siyasa ta kutsa cikin wasannin kwaikwayon rana na Amurka?

Duk ranar da wata tashar talabijin a Amurka ta katse wasan kwaikwayon rana domin ta nuna zaman majalisa, sai masu kallo su yi ca a kafofin sada zumunta. An ga haka a Nuwamban 2019 lokacin zaman binciken tsige shugaban ƙasa, an kuma sake gani a 2022 da kwamitin binciken harin da aka kai ginin majalisa ranar 6 ga Janairun 2021 ya riƙa zama da rana. Wasu na cewa a bar musu "labaransu", haka suke kiran waɗannan shirye-shirye, domin sun kunna talabijin ne don su huta da hayaniyar 'yan siyasa. Wasu kuma na mayar da martani cewa wanda ƙasarsa ke cin wuta bai kamata ya damu da wa zai auri wa a garin da babu shi a taswira ba. A 2021 ma da 'yan wasa biyu suka bar General Hospital kan batun wajabta allurar rigakafin korona a wurin aiki, masoya shirin sun rabu gida biyu, kusan daidai da yadda masu jefa ƙuri'a suka rabu. Zancen da ake ta maimaitawa a irin wannan cacar baki shi ne wai da can ba haka abin yake ba, kwanan nan ne siyasa ta ɓata komai.

Tarihin bai goyi bayan wannan zance ba. A rediyo aka fara waɗannan wasanni masu dogon zango, a birnin Chikago a 1930, kuma wata tsohuwar malamar makaranta mai suna Irna Phillips na cikin waɗanda suka aza harsashin. Minti 15 ne kullum, kamfanonin sabulu ke ɗaukar nauyi, matan da ke gida suna aikace-aikace su ne ake nema. Guiding Light ya fara a rediyo a 1937, ya koma talabijin a 1952, bai tsaya ba sai 2009. Zuwa 1970 akwai irinsu 19 a manyan tashoshi uku, wato ABC da CBS da NBC.

Shigar al'amuran ƙasa cikin labarin kansa ma tsohon zance ne. Agnes Nixon, almajirar Phillips (ba ta da dangantaka da shugaban ƙasa mai wannan suna), ta fara One Life to Live a 1968 da labarin wata baƙar fata mai hasken jiki da take rayuwa a matsayin farar fata. A All My Children wata uwa ta yi jawabin adawa da yaƙin Biyetnam, har 'yar wasan, Mary Fickett, ta sami kyautar Emmy ta talabijin a 1973. A shekarar ce kuma Erica Kane, tauraruwar shirin, ta zubar da ciki, jim kaɗan bayan hukuncin kotun ƙoli da ya halatta hakan. Duk wanda ya san tarihin waɗannan shirye-shirye ya haddace wannan. Ita kuwa ɗaya ƙofar da siyasa ta shigo, wato ta agogo, ta cinye sa'ar da ake nuna wasannin, ba kasafai ake tsayawa a kanta ba, alhali a ganina ita ce ta fi yin tasiri.

An taɓa katse wasan rana kafin 1973. Ranar 22 ga Nuwamban 1963 ana tsakiyar As the World Turns aka sanar da harbin Shugaba Kennedy, 'yan wasan kuma suka ci gaba da wasansu kai tsaye ba su san abin da ya faru ba. Amma wannan musiba ce ta rana ɗaya. Abin da ya faru bayan shekara goma daban yake.

Ranar 17 ga Mayun 1973 kwamitin Majalisar Dattawa mai binciken badaƙalar Watergate, wato kutsen da aka yi a ofishin jam'iyyar adawa zamanin Shugaba Nixon, ya fara zama a bainar jama'a. Majalisa da rana take aiki, rana kuwa ta wasan kwaikwayo ce. A kwanakin farko duk tashoshin uku suka ɗauki zaman kai tsaye. Sai mutum ya tuna yadda gida yake a lokacin kafin ya gane girman abin. Babu intanet, babu tashar labarai ta awa 24, na'urar naɗar bidiyo ba ta shiga gidajen talakawa ba tukuna. Matar da ta shafe shekara 15 tana shanya kaya, ta ɗora abincin yara, ta zauna da ƙarfe ɗaya da rabi don ta ga yadda rigimar gidan likita za ta kaya, sai ta kunna ta tarar da dattawa sanye da kwat sun jeru bayan dogon tebur mai koren mayafi. Ta murɗa zuwa tasha ta biyu, su ne. Ta uku ma su ne. Wayoyi da wasiƙun ƙorafi suka yi ta kwarara tashoshin, kuma maganar da suke ɗauke da ita ita ce dai wadda ake rubutawa yau a Facebook: a dawo mana da labaranmu.

Ga ƙorafi, ga asarar kuɗin talla, sai tashoshin suka koma karɓa-karɓa. Yau wannan ta nuna zaman kwamiti sauran biyu su ci gaba da shirye-shiryensu, gobe wata ta karɓa. An yi tsarin ne don a rage asara, amma sai ya zama wani gwaji da ba wanda ya shirya. Aka ɗauki tsawon makonni ana ajiye wa mai kallon rana zaɓi a gabansa, ga ƙagaggen labari a wannan tasha, ga na gaske a waccan, a sa'a ɗaya. Jama'a da yawa suka zaɓi na gasken, har a wasu ranaku zaman ya fi shirye-shiryen nishaɗin da ke gogayya da shi masu kallo. An watsa awa 319 gaba ɗaya, an kuma ƙiyasta cewa kashi 85 cikin 100 na gidajen Amurka sun kalli wani ɓangare.

Dalilin ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Zaman kwamitin ya zo da duk kayan haɗin da mai kallon rana ya saba da su. Fuskoki iri ɗaya kullum, a ɗaki ɗaya. Labari mai tafiyar hawainiya, ana maimaita na jiya kafin a ƙara ɗan sabo, ta yadda wadda ta tashi ta duba tukunya ba ta rasa komai ba. Shugaban kwamitin, Sanata Sam Ervin na jihar North Carolina, dattijo ne mai shekara 76 mai kaurin gira, yana jawo ayar Littafi Mai Tsarki a tsakiyar tambaya, yana kiran kansa lauyan ƙauye. Nan da nan aka buga riguna masu hotonsa, aka kafa ƙungiyoyin masoyansa. A ƙarshen Yuni tsohon lauyan Fadar White House, John Dean, ya ɗauki yini guda yana karanta bayani mai shafi 245 da murya ɗaya ba hawa ba sauka, kyamara kuwa ta riƙa komawa kan matarsa da ke zaune a bayansa, gashinta a ɗaure tsaf, fuskarta ba yabo ba fallasa. Aka shiga zancen tufafinta da shirunta kamar yadda ake zancen matar likita a wasa. Ranar Litinin 16 ga Yuli wani tsohon ma'aikacin fadar ya bayyana cewa akwai na'urar naɗar murya a ofishin shugaban ƙasa. Marubucin wasan rana da zai kawo irin wannan juyi, ce masa za a yi ya cika ƙari.

'Yan Najeriya da suka bi zaman kwamitin Oputa mai binciken take haƙƙin ɗan Adam a talabijin a 2000 da 2001 sun san irin wannan kallo, inda mutum ke kwana da ɗokin wa zai hau kujerar shaida gobe.

Da zaman farko ya ƙare a farkon Agusta wasanni suka dawo, kowa ya ɗauka an wuce wurin. Ƙarfinsu ma ƙaruwa ya yi na ɗan lokaci, domin a Nuwamban 1981 mutum miliyan 30 suka kalli auren Luke da Laura a General Hospital. Wannan nasara ce ta rufe wa mutane ido daga abin da bazarar 1973 ta koyar. Masu harkar talabijin sun gane cewa rigimar gaske tana riƙe mai kallo, kuma ba sai an biya marubuta da 'yan wasa da masu gina ɗakin wasa ba. Masu kallo su ma sun koyi wata sabuwar ɗabi'a, ta bin siyasa kullum kamar labari, a ware mugu, a ware gwani, a jira abin da gobe za ta kawo. Duk ɓangarorin biyu ba wanda ya manta darasinsa.

Abin da ya biyo baya ci gaba ne kawai. Tashar labarai ta dare da rana ta zo a 1980. A 1987 zaman binciken Iran-Contra, badaƙalar sayar wa Iran makamai a ɓoye, ya sake ture wasannin rana. Sai 1995, shari'ar O.J. Simpson, shahararren ɗan wasan motsa jiki da aka tuhuma da kisan kai, a Los Angeles, daga Janairu zuwa Oktoba. Yawancin masoya a nan suke kafa tutar faɗuwar shirye-shiryensu, kuma gaskiya ne da yawa sun tafi ba su dawo ba. Sai dai hanyar da suka bi an riga an share ta shekara 22 kafin nan. Ga kuma gidan da ya zama wayam da rana. A 1970 kimanin kashi 43 cikin 100 na matan Amurka ne ke aiki ko neman aiki, zuwa 1999 sun kai kashi 60. Masu kallo na raguwa, kuɗin shirya wasa kwana biyar a mako bai ragu ba, shirin hira ko na girki kuma ya fi araha nesa ba kusa ba. Tsakanin 2009 da 2012 manya huɗu suka faɗi a jere, Guiding Light da As the World Turns da All My Children da One Life to Live, aka bar huɗu kacal.

Shi ya sa nake ganin masu cewa marubutan yanzu ne suka cusa siyasa suna dukan inuwa ne. In aka kwatanta da abin da aka yi a 1968 da 1973, shirye-shiryen da suka rage sun fi taka tsantsan, saboda wanda masu kallonsa suka ragu ba ya son ɓata wa rabinsu rai. Masu kallon ne suka canja. Mutumin da ya shafe safiya yana bin labaran siyasa a waya, da wannan idon zai zauna kallon wasa da rana, ya riƙa auna kowane zance da kowane ɗan wasa da ma'aunin jam'iyya. A da mai kallo bai san wa ɗan wasa yake zaɓa ba, yanzu kuwa ɗan wasan da kansa yake rubutawa a shafinsa.

A 2022 Days of Our Lives, wanda aka fara a 1965, ya tashi daga talabijin na gama-gari ya koma manhajar Peacock, inda babu zaman majalisar da zai katse shi, aka kuma sa shirin labarai a sa'ar da ya bari. Sabon wasan rana na farko tun 1999, Beyond the Gates, ya fara a Fabrairun 2025. Labarin wani gidan attajiran baƙar fata ne a wajen birnin Washington, uban gidan kuma tsohon sanata ne.